Ruwan da ya kwana a fayif: yadda za ka gane kayan famfo masu dalma

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a barkanmu da asuba, da fatan an tashi lafiya. Auta, sauke wayar kaɗan, bakin famfon nake so su gani. Yauwa, nan ya yi.

Yau muna wani ƙauye a ƙasar Taura, jihar Jigawa. Mai unguwa ne ya aika a zo a duba musu famfon tuƙa-tuƙa, wai ruwan ya fara fitowa ja da safe, mata na ƙorafin yana ɓata musu fararen kaya, mai shayi ma ya ce shayinsa baƙi yake yi. Tun jiya da magariba na roƙi arziki aka ɗaure hannun famfon da igiya, kada kowa ya taɓa sai mun zo. Shi ya sa kuka ga mun yi sammako, ruwan farko nake so ku gani da idonku. Kai ɗan samari, zo ka kwance ka tuƙa mana. A hankali, kada ka buga shi ƙasa.

To kun gani. Kamar an dama jar ƙasa. Wannan tsatsa ce, fayif ɗin GI, wato na baƙin ƙarfe mai farin shafe, da ke cikin rijiyar ne ruwa yake ci. Ita tsatsa da sauƙi, don tana nuna kanta, kowa ya ga jan ruwa zai ja da baya. Abin da ya kawo ni da waya yau shi ne dalma. Dalma ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwa zai fito garai-garai, ka sha ka yi hamdala, alhali tana ciki. Jan ruwa ba ya nufin lallai akwai dalma, haka farin ruwa ba ya nufin babu. Amma idan na ga ja, na san ruwan nan mai cin ƙarfe ne, sai in fara tambayar wane ƙarfe kuma yake ci a can ƙasa.

Bari mu fahimci juna a kan kalmar, don mu Hausawa abu da yawa muke kira dalma. Ba tukunyar dalma ta girki nake nufi ba, ita asalinta alminiyam ce, duk da dai idan masu ƙira sun narka tarkace iri-iri takan samu gauraye, wannan darasin wata rana ne. Dalmar da nake nufi ita ce mai nauyin nan mai taushi, wadda ke cikin batirin mota, wadda masuntan Haɗejia ke sa wa bakin birgi don ya nutse, wadda masu liƙin buta da bokiti ke narkawa. Ga guntunta nan na taho da shi. Ku dubi ƙanƙantarsa, amma a hannu kamar dutse.

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 2010 ya ji labarin Zamfara. Ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka gano gubar dalma ce. A 2015 kuma aka sake yi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Allah Ya jiƙansu. Waccan daga ƙurar dutsen zinare ta fito, ana daka shi ana niƙa shi a cikin gidaje. Ta famfo ba haka take zuwa ba, ba za ka ga yara suna faɗuwa rana ɗaya ba. Kaɗan-kaɗan take shiga, yau da gobe, ta taru a jini da ƙashi. Guba ɗaya ce dai, hanyar shigowa ce ta bambanta.

Kuma yawanci ba daga ƙasa take fitowa ba. Ruwan yana can ƙasa lafiyarsa lau, mu masu aikin ne muke haɗa shi da kayan da ke sakar masa ita. Akwai binciken da aka wallafa a 2021, an bi famfunan ƙauyuka a Ghana da Mali da maƙwabciyarmu Nijar, aka samu kusan kashi 9 cikin 100 na ruwan da aka gwada dalmar cikinsa ta wuce ƙa'ida, kuma kayan tagulla, buras ɗin nan, su aka fi samu da dalma. Nijar fa, daga nan ka bi ta Gumel ka kai Maigatari ka tsallaka. Irin famfunansu irin namu ne.

Auta, zo nan kan buhun. Na baje kayan gwaji, duk kuna da su a gida: maganaɗisu, ni na tsohuwar lasifika nake ɓallowa, ya fi na kasuwa ƙarfi, sai ƙusa ɗaya, sai magagari.

Wannan guntun GI ne. Maganaɗisu, cak, ya kama. Duk abin da ya kama, baƙin ƙarfe ne a ciki. Farin da kuke gani a bayansa shafe ne na zink, kuma shi wannan shafen, musamman na tsofaffin fayif da na masu araha, yakan zo da ɗan gaurayen dalma. Ku leƙa cikinsa, ku ga yadda tsatsa ta yi ɓawo. Wannan ɓawon yana riƙe dalma kamar yadda soso ke riƙe kumfa, ran da ya ɓanɓare ya saki.

Ga dalmar kanta. Maganaɗisu bai kama ba. Na karce ta da ƙusa, kun ga ta shiga kamar sabulu, wurin ya yi ƙyalli fari. Ko a takarda ka goga za ta bar zane. Idan ka ga irin wannan a jikin duk abin da ruwan sha ke bi, ba shawara, cire shi za ka yi ranar. Jan ƙarfe kuwa ba sai na daɗe a kansa ba, launin tsohon kobo ne, da wuya ma ka gan shi a ƙauye. Sai dai a tsofaffin gidajen gwamnati, nan ma wurin liƙin ne abin dubawa, don akan yi liƙin da dalma.

To ga inda nake so ku nutsu, don nan ne aka taɓa rufe ni. Ku dubi waɗannan kawunan famfo guda biyu. Duk farare ne, duk suna ƙyalli. Na sa maganaɗisu a wannan, bai kama ba. Na sa a wannan, shi ma bai kama ba. Mai kanti zai ce maka ai ka gani, sitenles ne, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, tunda bai kama ba. Ba hujja ba ce. Sitenles mai kyau ba ya kama maganaɗisu, gaskiya ne, amma buras ma ba ya kamawa, dalma ma ba ta kamawa. Maganaɗisu GI kawai yake ware maka. Abin da za ka yi, juya kan famfon ka leƙa cikin zaren, inda ake murɗawa, don yawanci fentin ƙyallin ba ya shiga can sosai. Idan ba ka gani ba, ɗauki magagari ka goga a bayansa, wurin da ba za a gani ba. Kada ka tsaya a gugar farko, shafen yana da 'yar kauri, sai ka yi kamar sau biyar ko shida. Ga shi. Af, tsaya, wannan na riga na goge shi jiya, ba ni ɗayan. Yauwa. Ɗaya, biyu, uku... kun ga rawaya ta leƙo? Kamar zinare. Buras ne aka yi wa riga. Shi kuwa wannan, goga har gobe, fari ne ciki da waje. Idan kuma ka goga ka ga toka-toka, mara nauyi, mai saurin karyewa, wani gaurayen zink ne na araha, shi ma ba na sa wa mutane.

Shekarun baya na yi aikin wata makarantar Islamiyya, kawuna goma sha biyu. Na sayo su a matsayin sitenles, na gwada da maganaɗisu a gaban mai kaya, na biya na taho. Bayan damina biyu aka kira ni ɗaya yana yoyo, na kwance na ga fentin ya ɓare, ciki rawaya, gefe ya yi kore-kore. Yara ƙanana ne ke kafa baki suna sha a wurin kullum. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Na koma na canza su duka, kuma tun daga ranar magagari ba ya barin aljihuna idan zan shiga kasuwa.

Wani zai ce to me ya haɗa buras da dalma? Masu ƙera shi ne suke zubawa da gangan, don ya yi daɗin yanka a inji, zaren ya fita sumul. A Amurka da can doka ta yarda a sa har kashi 8 cikin 100, sai a 2014 suka mayar da shi kwata na kashi ɗaya, wato 0.25. Liƙin dalma a fayif ɗin ruwan sha kuwa tun 1986 suka hana. Akwai buras mai kyau da ake yi kan sabuwar ƙa'ida, amma ido ba ya raba shi da ɗayan, kuma yawancin abin da ke zuwa mana a buhu ne, ba kwali ba takarda. Shi ya sa ni dai na sauƙaƙa wa kaina: wurin sha, ko roba ko sitenles.

A cikin irin wannan famfon, India Mark II, akwai buras a can ƙasa cikin silinda, da bawul-bawul ɗinta, da fut bal, wato bawul ɗin can ƙasa mai hana ruwa komawa. A burtsatse mai sola kuma ga get bal na buɗe ruwa da rufewa, ga yuniyon mai haɗa fayif biyu, ga kawuna. Sannan 'yan'uwana masu gyara, don Allah ina roƙonku, a daina narka dalmar batir ana yi wa bawul nauyi ko ana toshe ɓula da ita. Na taɓa ciro wani fut bal a rijiyar lambu da mutane ke sha, an ɗaura masa dunƙulen dalma kamar ƙwan zabo. Wanda ya yi ba mugu ba ne, dabara ya yi don ruwa ya daina komawa. A ƙasar Madagaska an yi fama da irin wannan, ƙananan famfunan gida da ake ƙerawa da nauyin dalmar batir, da aka gano sai aka koma sa na baƙin ƙarfe. Tsohon noti mai nauyi zai yi maka aikin.

Me ya sa wani ruwan ke cin ƙarfe wani ba ya ci? Akwai ruwa mai ɗan tsami wanda harshe ba ya ji. Ga takardar gwaji, ta pH, mai auna tsamin ruwa, ana samunta wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji a Kano. Ka tsoma a ruwan da ya fito yanzu, ba wanda ya jima a bokiti ba, ka kwatanta da launukan jikin kwalin. Idan ya yi ƙasa da 6.5, bai kamata a ce an sa GI a rijiyar ba tun farko. Namu na nan, Auta matso, yana wajen 6. To ga dalilin jan ruwan. Zafi ma yana ƙara ci, daɗewar ruwa a tsaye yana ƙarawa, haka idan ka haɗa ƙarfe biyu daban kai tsaye, kamar buras da GI, ɗaya na cin ɗaya. Wani gari a Amurka, Filint a jihar Mishigan, a 2014 suka canza inda suke ɗebo ruwa suka koma kogin garin, ba a zuba maganin hana cin fayif ba. Fayif ɗin su ne dai na da, ruwan ne ya canza, sai ya kankare ɓawon ciki, dalma ta shiga gidajen mutane. Wata likitar yara ce ta fito da sakamakon jinin yaran a 2015 kafin a yarda.

Yanzu abin da kowa zai iya yi daga gobe, ba ko kwabo. Ruwan da ya kwana a fayif, ba na sha ba ne. Amma nawa za a zubar? Nan mutane ke kuskure, su tuƙa sau biyar su ce ya wanke. Mu yi lissafi. Rijiyar nan fayif tara ke ciki... a'a, goma, mai unguwa ya ce an ƙara ɗaya bara da ruwa ya ja baya. Kowane fayif mita 3, inci ɗaya da kwata, ga rodi a tsakiya, abin da yake riƙewa saura kaɗan ya kai lita 3. Sau goma, ka ce lita 27. Jarkar mangyaɗa mai lita 25 ta cika har da ɗori. Kuma ku lura, ruwan da ya kwana a cikin silindar buras shi ne na can ƙarƙashi, shi zai fito a ƙarshe. Wato wanda ya zubar da bokiti ɗaya ya kafa tulunsa, ƙila shi ne ma ya tari na silindar. Don haka a irin wannan, jarka ɗaya da rabi. Naku idan fayif shida ne, ku yi lissafin shida. Wanda bai san adadin ba ya tambayi wanda ya yi gyaran ƙarshe.

Ban ce a zubar a ƙasa ba, na san wahalar ruwa a bazara. A yi wanki da shi, a yi wanka, don dalmar ruwa ba ta ratsa fata, a yayyafa tsakar gida, masu gini su kwaɓa ƙasa. Dabbobi dai kada a ba su, su ma tana yi musu illa. Abu mafi sauƙi, kwamitin famfo ya ajiye jarka biyu a nan, a yi musu alama da jan fenti, duk wanda ya fara zuwa da asuba su zai fara cikawa.

(Wata dattijuwa daga gefe: Malam, to ni ai tafasawa nake yi kafin in ba jikana.)

Sannu Inna, ina kwana? Allah Ya saka da alheri, tambayarki ta fi duk abin da na faɗa amfani. Ki ci gaba da tafasawa, yana kashe ƙwayoyin cuta, yana tsare shi daga gudawa. Amma dalma ƙarfe ce, wuta ba ta kashe ta. Kin san idan miya ta yi gishiri, kika bar ta a wuta ruwa na ƙonewa, gishirin ƙaruwa yake. To haka take. Tacewa da ƙyalle ba ya cire wadda ta narke, maganin ruwa irin su WaterGuard aikinsa ƙwayoyin cuta ne, alimun kuma don laka ta kwanta ne, ba a dogara da shi. Ki bari a cika jarkokin nan biyu tukuna, ki ɗebi na baya, shi za ki tafasa ki dama masa koko. Wata nawa ne?

(Dattijuwar: Bakwai.)

Allah Ya raya shi. Irinsu ne abin ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma ta ce ba wani adadi a jini da za a ce wannan ba komai. Kan ƙwaƙwalwa take sauka. Yaro ya taso ba ya riƙe karatu, a allo a wanke masa a sake rubutawa, a boko haka, ana dukansa ana cewa ba ya ji, ga ƙarancin jini, ga rashin cin abinci. Ban ce duk yaron da karatu ya yi wa nauyi dalma ce ba, gwajin jini ne kaɗai ke nunawa. Mai juna biyu kuma tana ratsawa ta kai ga ɗan cikin, tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Mu manya, hawan jini da ciwon ƙoda. Yaron da ke cikin yunwa ko jininsa ya yi ƙasa ya fi zuƙa, don haka zogale, wake, nono, kifi, duk suna taimakawa, amma ba su ne magani ba, maganin a toshe inda take shigowa. Inna, tunda kina nan, kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido, mai ƙyallin nan, yawancinsa dutsen dalma ne. A haƙura da shi.

Sannan don girman Allah kada wani ya kalli wannan bidiyo ya ce ya bar famfo ya koma kududdufi ko buɗaɗɗiyar rijiya. Amai da gudawa a kwana ɗaya yake ɗauke yaro. Ruwan burtsatse ya fi, nesa ba kusa ba. Gyara shi za mu yi.

Mu je wurin burtsatse mai sola na masallaci in nuna muku canjin kan famfo. Auta, kula da igiyar akuyar nan. To, na riga na rufe daga tanki. A irin wannan, fayif yana kwance a rana tun safe, da azahar ruwan cikinsa kamar na shayi, don haka ba da asuba kaɗai ba, duk lokacin da aka jima ba a buɗe ba a bar shi ya zuba sai ka ji da hannunka zafin ya sauka. Renci biyu nake sawa, ɗaya ya riƙe soket ɗaya ya juya kan, in ba haka ba ka murɗe fayif ɗin a cikin siminti ka jawo wa kanka aikin kwana biyu. Ya fito. Ku dubi baƙin garin da ya taru a bayansa. Masu famfon zamani mai 'yar rariya a baki, ku riƙa kwance ta kuna wankewa, nan ɓarɓashin ke maƙalewa. Bari in saki ruwa kaɗan ya wanke bakin kafin in ɗaura. Ya isa, rufe.

Tef ɗin da ake sa wa zaren famfo kun san yadda ake naɗawa. Abin da zan ce kawai, kan roba da hannu ake ɗaure shi. Ka sa masa renci ya tsage, ba lallai yau ba, bayan sati ka ga yana hawaye. Ya tsaya a karkace, bari in kwance in ƙara tef zagaye biyu. Yauwa, yanzu bakinsa ya kalli ƙasa. Na san za ku ce roba ba ta ƙarko a hannun yara, gaskiya ne, rana ma tana cinta. Wurin jama'a da yawa na fi son sitenles idan kwamiti zai iya. A gida kuwa roba ta wadatar, ta karye ka sa wata.

Fayif ɗin kansa, ni na roba irin PPR nake so a layin gida, don da wuta ake haɗa shi, ba liƙi ba gam. Idan PVC ne a sayi na ruwan sha, kada a ɗauko na wayar lantarki ko na ruwan datti don araha, wasu robobin ma da sinadarin dalma ake haɗa su. Na cikin rijiya kuma a fitar da GI a sa na roba mai kauri ko sitenles, rodi ma sitenles. Kada a yi rabi da rabi, rodin sitenles cikin fayif ɗin GI, cin sai ya fi na da. Famfon tuƙa-tuƙa irin Afridev dama da fayif ɗin roba yake zuwa.

Duk wannan fa ragewa muke yi da ido da lissafi. Sanin tabbas sai ɗakin gwaji. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya mikirogiram 10 ne a lita ɗaya, ta Najeriya da hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta fitar ma haka take. Don ku ji ƙanƙantarsa: giram ɗaya ne a lita 100,000. Dunƙulen magi ɗaya ka raba huɗu, ka ɗauki kashi ɗaya, ka watsa a tanki ashirin masu lita 5,000. Shi ya sa 'yar na'urar nan kamar biro da ake tsomawa a kofi ta nuna lamba, TDS, ba ta ganin dalma sam. Gishirin ruwa take aunawa. Kada wani ya karɓi kuɗinku da ita ya ce ya gwada muku guba.

Ɗaukar samfurin ma da ƙa'ida. Ku fara zuwa sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma ko hukumar ruwan karkara ta jiha, RUWASA, ko ku yi tambaya a sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, Bayero a Kano ko ta Tarayya a Dutse, a nuna muku inda ake auna ƙarafa a ruwa. Ku ce dalma kuke so a duba, ku faɗa da baki, don gwajin da aka saba yi ba kullum yake haɗawa da ita ba. Idan sun ba ku roba, da tasu za ku yi. Famfo ya huta aƙalla awa 6. Robar farko, ruwan farko, ba ɗauraya ba zubarwa. Ta biyu bayan an zubar. A tuƙa-tuƙa ni uku nake ɗauka: ta farko, ta daidai cikar jarka wato na silinda, sai ta bayan an jima ana ɗiba. Ka rubuta lamba da lokaci a jiki nan take, don robobin kama ɗaya suke, ka sa a jaka ka rasa wace ce wace. Idan ta farko ta yi sama ta ƙarshe ta sauka, kayan famfo ne. Idan duka sun yi sama, magana ta wuce ni, sai hukuma ta shigo, kuma a kai yaran asibiti a duba jininsu.

Masu tambayata a saƙo, eh, ina da kawunan roba da na sitenles, kuma duk wanda zai saya a wurina ga magagari, ya goga da hannunsa kafin ya biya. Ranar kasuwar Gujungu ina nan layin masu kayan famfo. Farashi ba zan faɗa a bidiyo ba, kafin ku kalla ya canza. Kwamitin da ke son a fitar musu da GI, ku faɗa mini adadin fayif, in kuma kuna da mai gyaranku na gari ku zo da shi mu yi tare, ya ga yadda ake yi, don gobe ba sai an jira ni ba.

Auta, je ka buɗe daga tanki. A hankali. To, ba yoyo, alhamdu lillahi. A bar shi ya zuba kamar minti biyar tunda mun motsa tsatsar ciki, a tara a wancan baho na masu gini. Ranka ya daɗe mai unguwa, sauran kawuna uku yanzu zan canza su, famfon tuƙa-tuƙa kuma sai an samo mini majiya ƙarfi huɗu mu ciro fayif, shi za mu ɗauka a bidiyo na gaba ku ga cikin silindar. A sa yaro ya kawo jarkokin nan biyu da jan fenti. Wassalamu alaikum. Auta, kashe.